Kyautar Kyamarar Fim Ga Mai Son Hoto: Yadda Aka Tace Huɗu Aka Fitar Da Ɗaya

Wata mata ta yi niyyar yi wa ƙaninta kyauta idan ya kammala karatu. Ya daɗe yana ɗaukar hoto da kyamarar dijital, Nikon D5600, kuma ta sha jin yana cewa wata rana sai ya gwada fim. Ita ba ta san harkar ba. Makonni shida ne a hannunta, tana so abin ya zo masa ba zato, kuma tambayar da ta zo da ita ita ce wace kyamara ce ta fi kowacce kyau. Kafin a ambaci sunan ko ɗaya, sai da aka mayar da ita gida ta binciko abubuwa uku game da shi kansa: waɗanne lens yake da su, me yake nema a wajen fim, kuma akwai inda zai riƙa kai wankin fim, wato a fitar masa da hotuna da sinadari, ko babu.

Na ukun shi ya fi sauƙi, kuma shi ne mai iya rushe maganar gaba ɗaya. Kyamarar fim ba ta da amfani a hannun wanda ba shi da inda zai wanke. An samu wurin da ke wankin fim mai launi da tsarin C-41, wato hanyar da aka saba wanke fim mai launi da ita, suna kuma yin sikanin su turo hotunan ta waya, amma ba sa wankin fari-da-baƙi na gargajiya. Wannan ya shafi irin fim ɗin da aka saka masa a ƙarshe.

Na biyun ta samo shi ta hanyar hira. Ta ce masa, "Wai kai da kake da kyamara mai kyau, me za ka yi da ta zamanin da?" Ya ce, "Yaya, wannan tawa ita ke yi mini komai. Ina so in riƙe wadda ni zan saita haske, ni zan saita fokas, in na ɓata in san ni na ɓata." Amsar nan ta kawar da ƙananan kyamarori masu sarrafa kansu irin su Olympus mju II da Contax T2, waɗanda ake yayinsu sosai. Suna fitar da hoto mai kyau, sai dai duk aikinsu na lantarki ne, kuma idan siririn wayar da ke cikin lens ta karye ko allon ciki ya mutu, da wuya a samu kayan gyara. Ta kawar da Pentax 17 ma, sabuwar da ta fito a 2024 mai raba kowane gurbi biyu har fim mai 36 ya ba da hoto 72. Da don wanda ke son ɗauka cikin nishaɗi ne, da ita za a fara ambata, tunda sabuwa ce mai garanti. Amma ba ta barin mai ita ya zaɓi gudun shota (labulen da ke buɗewa haske ya shiga fim) da ƙofar haske (faɗin ramin lens, wanda ake rubutawa da f) da hannunsa yadda wannan saurayi ke so.

A kan girman fim ba a ɓata lokaci ba. An tsaya a kan 35mm, mai gurbin milimita 24 da 36, wanda ake samu a ko'ina ake kuma wankewa a ko'ina. Fim na 120 ya fi shi faɗi da kyan hoto, amma guda 12 kawai yake bayarwa a kyamarar 6x6, kuma ba kowane wurin wanki ke karɓarsa ba. Abin gudu shi ne kyamarar da fim ɗinta ya ƙare a duniya, irin ta APS da aka daina yi wa fim a 2011, ko ta 126. Ana ganinsu tsaf kamar sababbi saboda ba a sake amfani da su ba.

Batun lens ɗinsa ne ya fi cin lokaci, kuma a nan masu sayen kyauta suka fi yin asara. Ta ɗauki hoton rubutun da ke jikin guda biyun da yake da su. Ɗaya AF-P DX 18-55mm ne, ɗaya AF-S 50mm f/1.8G. Mutum zai ɗauka tunda Nikon na amfani da mazauni ɗaya, wato F, tun 1959, kowane lens zai yi aiki a kowace kyamararsu. Shiga kam nasa biyun suna shiga. Amma na DX an yi shi ne don ƙaramar sensa, idan aka ɗora shi a fim sai kusurwoyin hoto su yi baƙi, kuma irin AF-P ba ya yin fokas ko kaɗan a kyamarorin fim. Shi kuma na G ba shi da zoben ƙofar haske a jikinsa, kyamara ce ke sarrafa masa ita. A tsohuwar kyamarar hannu zai tsaya a mafi ƙanƙantar ƙofa, f/16, ba yadda za a yi a buɗe shi.

Kyamarorin da suka zo hannu

Guda huɗu aka samu a cikin kuɗin da ta ware, kuma Canon AE-1 ce ta fara burge ta, don ita ce sunan da ta fi gani a intanet. Kyamara ce ta 1976 da aka sayar da yawa, kuma lens ɗinta na FD 50mm f/1.8 yana da kyau. Matsalarta ta farko ita ce shotarta na lantarki ne, ba ta motsi sam sai da batir mai bolt 6, 4LR44. Ta biyu, idan ana saita ta da hannu, tagar leƙe tana nuna ƙofar da ma'aunin haske ke ba da shawara ne kawai, ba wadda aka saita ba, sai mutum ya riƙa sauke kyamara daga ido yana dubawa. Wadda aka kawo ɗin kuma tana wani ƙara mai kama da tari duk lokacin da aka danna, alamar man da ke giyoyin madubin da ke cikin kyamarar ya bushe. Ana gyara wannan, amma mai sayarwar ya ce bai taɓa gwada ta da fim ba kuma ba ya karɓar kaya idan an dawo da su. Kalmar "ban gwada ba" a bakin mai sayar da tsohuwar kyamara ya kamata a ɗauke ta a matsayin "tana iya zama matacciya", a yi ciniki a kan haka ko a bar ta. An bar ta.

Olympus OM-1 ƙarama ce, marar nauyi, mai faffaɗar tagar leƙe, kuma shotarta na sifirin ne. An ƙi ta saboda abu biyu. An yi ma'aunin haskenta ne don batirin zaiba mai bolt 1.35 wanda aka daina yi, idan aka sa na yau mai bolt 1.5 sai awon ya kauce, dole sai an nemo adafta ko batirin na'urar ji wanda ba ya daɗewa. Sannan da aka leƙa tagarta an ga wasu tabo masu kama da tsatsa a ƙasan hoton. Soson da kamfani ya sa a saman firizim ne ya narke ya ci azurfar da ke bayansa. Ba ya fita a hoto, amma ba ya gogewa, sai dai a canja firizim ɗin.

Nikon F80, ta shekarar 2000, ita ce mafi arha, kuma a takarda ita ta fi dacewa: lens ɗinsa na 50mm G zai yi aiki a kanta gaba ɗaya har da fokas mai sarrafa kansa, tana karanta ISO, wato lambar ƙarfin fim wajen jin haske, daga jikin gwangwanin fim, tana ja ta naɗe da kanta da batir CR123A guda biyu. Ga mai son launin fim kawai ba tare da canja yadda hannunsa ya saba ba, wannan ce amsa, kuma mutane suna raina ta ne don jikinta na roba. Sai a duba maƙallin ƙofar bayanta da ke yawan karyewa, da fatar robar da ke yin danƙo. Amma riƙe ta bai bambanta da riƙe D5600 ba, kuma abin da ya ce yana gudu ke nan.

Ta huɗu Nikon FM2 ce, da lens AI-S 50mm f/1.8 a jikinta. Ta fito a 1982, shotarta na sifirin ne tun daga daƙiƙa 1 har 1/4000, batir kuma ma'aunin haske kaɗai yake ciyarwa, LR44 ko SR44 guda biyu da ake samu ba wahala. Ko batir ya mutu a tsakiyar aiki, kyamara na ci gaba da ɗauka. Wadda aka samu tana da harafin N kafin lambar jikinta, da 250 da jan rubutu a kan majuyin gudu, wato sigar da aka gyara ce wadda ke tafiya da filasha har 1/250. Ta fi sauran tsada, kuma lens ɗinsa na G ba zai yi a kanta ba, shi ya sa aka dage sai an saye ta da nata. Ribar ita ce wannan lens na AI-S zai hau D5600 ɗinsa ma, ko da yake a can sai ya saita komai da hannu ba tare da ma'auni ba.

Akwai wani ƙaramin abu da aka sa ta duba a tsofaffin hotunansa: da wane ido yake leƙawa. FM2 ba ta kunna ma'auni, ba ta kuma sakin shota, sai an ɗan janyo hannun jan fim waje. Mai leƙe da idon hagu sai hannun ya riƙa tsokanar goshinsa ko idonsa na dama. Shi da dama yake leƙawa.

Dubawa kafin biya

An yi sharaɗi da mai sayarwa cewa za a iya dawo da ita cikin mako biyu, aka kai ta wajen mai gyara. Ya fara da ɗakin batir, yana neman farin gari ko kore-kore na batirin da ya fashe, domin wannan tsatsar na bin waya ta shiga ciki. Ya same shi fes. Ya sa sabon batir, ya saita ISO 100, ya fita rana tsaka ya nufi bangon da rana ke duka daga gaba, a gudun 1/125 da f/16. A irin wannan haske ma'auni mai lafiya zai nuna daidai ko kusa da haka, kuma fitilar "o" ta tsakiya ce ta kama. Ya shiga inuwa, ta koma alamar ragi. Ya juya zoben ƙofar haske a hankali yana kallon fitilun, don idan suna tsalle-tsalle to abin da ke karanta zoben ya yi datti.

Daga nan ya cire lens, ya buɗe baya, ya ɗaga kyamarar ga haske yana danna kowane gudu. Daƙiƙa 1 ita ce mai tona asiri: ya kamata a ji sautin giya yana tafiya sumul har ya rufe. Idan ya tsaya a hanya ko ya ja ya kai biyu, mai ya daskare. A manyan gudu kuma ido na neman ganin walƙiyar haske ta cika gurbin duka, sama da ƙasa. Fallayen shotar FM2 ƙarfe ne mai sirantaka ƙwarai, kuma yawancin waɗanda suka lalace yatsan mai saka fim ne ya dugunzuma su. Ya karkata su ga haske yana neman lanƙwasa ko ƙarce, bai samu ba.

Lens ya fi jikin cin lokaci. Ya buɗe ƙofarsa duka, ya haska tocila ta baya yana kallo ta gaba a karkace. Ƙura 'yar kaɗan ba ta komai, kowane tsohon lens na da ita. Abin tsoro shi ne funfuna, wadda ke fitowa kamar zaren saƙar gizo daga gefe tana cin rufin gilashi, da kuma hazo, wanda ke dusashe hoto musamman idan ana fuskantar haske. Ya rufe zuwa f/16, ya taɓa ɗan ƙarfen da ke bayan lens ɗin ya saki: fallayen su buɗe su rufe nan take, a bushe. Idan suna sheƙi da mai za su riƙa makara, hotuna su yi ta fita da haske fiye da kima ba a san dalili ba. Ya kuma tabbatar lens ɗin yana da ƙananan lambobi layi na biyu a bakin zoben, alamar irin AI ko AI-S ne, waɗanda ke hulɗa da ma'aunin kyamarar. Lens ɗin Nikon na kafin 1977 da ba a gyara shi ba yana iya karya ɗan haƙorin ma'auni na FM2, domin nata ba ya lanƙwashewa sama kamar na FM da FE.

Abu ɗaya ya samu: soson da ke kwarmin ƙofar baya da na saman madubi ya fara laushi, yana barin baƙi a tsinke. Ya ce, "Hajiya, wannan sai an canja, amma bari mu ga abin da fim zai ce tukuna."

Fim ɗin gwaji

Ba a ba da tsohuwar kyamara kyauta sai an wuce fim guda ta cikinta, kuma dalilin fara nema da wuri ke nan. An sa Kodak Gold 200. An ɗauki bango ɗaya cikin hasken rana sau biyar a jere: 1/250 da f/16, 1/500 da f/11, 1/1000 da f/8, 1/2000 da f/5.6, 1/4000 da f/4. Duk biyar ɗin adadin haske ɗaya ne, don haka a jikin nagatif, wato fim ɗin bayan an wanke shi, ya kamata duhunsu ya zo ɗaya. A nagatif ake dubawa, domin na'urar sikanin tana daidaita haske da kanta ta ɓoye aibi. An ɗauki ma'aunin tela da aka shimfiɗa a tebur a f/1.8, an sa fokas a kan lamba ɗaya, don a ga ko inda ido ya gani nan fim ya gani. Sannan aka ajiye kyamarar a wuri mai haske wuni guda da fim a ciki kafin a ƙarasa.

Gudu ya fito daidai, fokas ma haka. Amma hotuna biyu da suka kwana kusa da kwarkwaron da ke karɓar fim sun fito da jan zane mai ruwan lemo daga sama zuwa ƙasa. A nagatif zanen ya wuce iyakar hoton har cikin ramukan gefe, wanda ke nuna hasken bai biyo ta lens ba. Launinsa ma shaida ne: hasken da ya shigo ta baya yana fara dukan shimfiɗar da ke jin ja, wadda ita ce ta ƙasa a fim mai launi. Soson da ke wajen hinjin ƙofa ne ya mutu.

Gyaran bai kai awa biyu ba. Ana kankare tsohon soso da tsinken gora da auduga mai ɗan sifirit, ana riƙe kyamarar a kife don kada ɓarɓashi ya faɗa kan shota, kuma ba a barin sifirit ya taɓa allon fokas da ke saman madubi, don roba ne, yana ɓaci har abada. Ana sayar da soso yankakke na kyamarori da yawa. A wajen hinji kauri milimita 1 zuwa 1.5 ya isa. Wanda ya fi haka yana takura ƙofa har ta ƙi rufuwa da kyau, a koma gidan jiya. An sake gwadawa da gajeren fim mai 24, ya fito ba zane.

Abin da aka haɗa da ita kaɗan ne: Kodak Ultramax 400 guda biyu, Ilford XP2 Super guda ɗaya, wanda fari-da-baƙi ne amma ana wanke shi da C-41, batir na ajiya, igiyar wuya, murfin lens mai milimita 52, da kuɗin wankin fim biyu da aka biya tun kafin lokaci. An guji fim ɗin silaid, mai fitar da hoto kai tsaye ba nagatif ba, domin kuskuren mataki ɗaya, wato ninka haske sau biyu, ya isa ya ƙona shi, alhali nagatif mai launi na jure ƙarin haske na mataki ɗaya ko biyu. An sa masa hotunan gwajin da takardar mai gyara a ciki, ya san abin da aka taɓa da wanda ba a taɓa ba.

Bayan an ba shi

Fim ɗinsa na farko ya dawo wayam. Ya kira ta yana cewa ko kyamarar ce, ko masu wanki ne suka ɓata. Nagatif ɗin ya raba gardama: fili ne tas, amma sunan kamfani da lambobin gefe sun fito raɗau. Da sinadarin wanki ne ya gaza, da waɗannan rubutun ma ba su fito ba, da kuma an buɗe baya ne, da ya fito baƙi ƙirin. Fim ɗin bai taɓa motsawa daga gwangwaninsa ba. Harshensa ya zame daga kwarkwaro tun a jan farko, ita kuwa lambar ƙidaya tana tafiya ko da fim ko babu. Ya tuna cewa ya wuce 36 hannun bai tsaya ba, kuma da ya zo naɗewa juyi biyu kawai ya yi ya ji sakayau. Da ya gane a lokacin, da an zaro harshen da ɗan abin zaro shi an sake amfani da fim ɗin.

Mai gyara ya nuna masa a gabansa. A cusa harshen cikin tsagar kwarkwaro, a ja hannu sau ɗaya baya na buɗe har a ga haƙora sun shiga ramukan sama da na ƙasa, a rufe, a juya mariƙin naɗewa a hankali ta inda kibiya ta nuna har a ji ya ɗan yi tauri, sannan a danna sau biyu ana kallon mariƙin. In yana juyawa duk lokacin da aka ja, fim na tafiya. Ya ƙara masa da cewa FM2 ba ta karanta ISO da kanta, sai an ɗaga majuyin gudu an saita duk sanda aka canja fim, kuma kafin naɗewa sai an danna maɓallin da ke ƙasan kyamara, in ba haka ba haƙora su yage fim.

Fim ɗinsa na biyu ya fito. Aibin da ya maimaitu a cikinsa ɗaya ne: duk inda sama mai haske ta cika bayan mutum, fuska ta yi duhu, inuwa ta yi tsaki-tsaki. Ma'aunin FM2 na ba da kashi 60 na awonsa ga da'irar tsakiya, sauran 40 ga ragowar hoton, don haka farar sama na rinjayarsa ya rage haske. Maganin shi ne a sunkuyar da kyamara a auna ƙasa ko a matsa kusa a auna fuskar, a saita, sannan a ɗaga a tsara hoto. A dijital ya saba rage haske don kada fari ya ƙone, a nagatif kuwa inuwa ce ke mutuwa idan haske ya gaza, saboda haka in ana shakka a ƙara mataki ɗaya. Ya kuma lura 50mm ya fi faɗi a nan, domin a D5600 sensa na yanke shi ya zama kamar 75mm, sai ya koyi matsawa gaba taku biyu.

Game da ajiya, an ce masa kada ya bar ta a rufe cikin jakar fata, don nan funfuna ke samun danshi da duhun da take so. Wuri busasshe mai iska ya fi, da ɗan ƙunshin silika idan damina ta yi nauyi. Ya cire batir in zai daɗe bai ɗauka ba, ya riƙa danna duk gudun sau ɗaya a wata don kada mai ya daskare. Fim ɗin da bai buɗe ba ya zauna a firji, ya fito da shi awa ɗaya ko biyu kafin ya buɗe robarsa saboda raɓa, kuma idan zai bi ta filin jirgi ya roƙi a duba masa da hannu, domin sababbin na'urorin binciken kaya na CT na iya ɓata fim a wucewa ɗaya.